Ɗana yana son barin makaranta saboda golf, ni kuma ina shirin sayar da filina ba da sanin mahaifinsa ba

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, a unguwar Nima ta birnin Accra muke zaune. Wake da shinkafa nake sayarwa da safe, maigidana kuma direban motar haya ne. Babban ɗanmu shekararsa 17, yana aji uku a babbar sakandare, saura wata bakwai ya rubuta WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare. Tun yana ɗan shekara 12 wani maƙwabcinmu ya fara tafiya da shi filin golf na Achimota ranar Asabar, yana ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna suna sallamarsa. A nan ya koyi bugawa. Wani bawan Allah ya ba shi tsofaffin sanduna, yanzu a bayan ƙofar ɗakinmu suke kwana, kullum sai ya goge su da tsohon burushin haƙori kafin ya kwanta. Ƙwallayen da yake tsinta a ciyawa ya cika gwangwanin Milo biyu da su. An ce yana da hannu, ya ce min ya taɓa buga 71, ni dai ban san ma'anarta ba, amma na ga yadda idonsa ya yi da yake faɗa min.

Yanzu ya ce makaranta tana ɓata masa lokaci, yana so ya bari ya zama furo, wato ya mai da wasan sana'a. Wani mutum da suka haɗu a WhatsApp ya ce zai kai shi Afirka ta Kudu gwaji idan muka biya kuɗin jirgi da na takardu kafin ƙarshen wata. Mahaifinsa ya ce sam. Ya ce wasan masu kuɗi ne, wurin 'yan giya da caca, kuma bai haifi ɗa don ya ƙare a ɗan dakon wasu ba. So yake ya gama makaranta ya tafi shagon ƙaninsa a Abossey Okai ya koyi cinikin kayan mota. Wata biyu ke nan ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. Yaron kullum sai ya nuna min bidiyon wani Bature da uwarsa ta yi aikin dare a masana'anta har ya zama zakaran duniya, ya ce, "Mma, ke ma ki tsaya min." Ina da fili a Kasoa da na saya da kuɗin adashi na shekara tara. Na yi magana da dillali. Ina so in sayar in ba shi, in ya so daga baya in gaya wa babansa. Ina tsoron kada in zama uwar da ta kashe wa ɗanta baiwa. Me kika gani?

Uwa daga Nima

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne burushin nan da gwangwanin Milo. Yaron da ya shekara biyar yana tashi ranar Asabar ya bi hanyar Achimota, ya yini da jaka a kafaɗa cikin rana, ya dawo ya zauna yana cire ƙasa daga bakin sanda, ba sha'awar kwana biyu yake yi ba. Kin gane haka, kuma kin yi daidai da kika ɗauki maganarsa da nauyi. Amma zan fara da abin da ba ya jira: ki kira dillalin nan yau ki ce masa kin dakatar, kuma kada ki tura wa mutumin WhatsApp ko sidi ɗaya.

Dalilina a kan mutumin nan mai sauƙi ne. Gasar ƙwararru ta Afirka ta Kudu, wadda ake kira Sunshine Tour, tana da gwajin shiga nata, kuma tana sanar da ranakunsa da kuɗin rajistarsa da sharuɗɗansa a fili. Mai son shiga da kansa yake rajista, ba sai ta hannun wani ɗan tsakiya mai cewa a yi sauri kafin ƙarshen wata ba. Wannan gaggawar ita ce ta fi tayar min da hankali. Mu 'yan Zango mun sha ganin irinta a harkar ƙwallon ƙafa. A gidanmu ma an yi: mahaifiyata ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na zinariya aka ba wani da ya ce zai kai ƙanena Turai, har yau lambarsa a kashe take. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ƙanen nawa ya yi shekaru bai iya haɗa ido da ita ba. Idan kina so ki tabbatar, ki ce wa ɗanki ya kai sunan mutumin da saƙonninsa wurin babban mai koyarwa na filin da yake aiki, ko ofishin ƙungiyar golf ta Ghana. Mai gaskiya zai yi murna a bincike shi.

Yanzu bari mu zauna a kan Baturen da ake nuna miki, don da shi ake ɗaure miki zuciya. Daga yadda kika kwatanta, Rory McIlroy ne, ɗan Ireland ta Arewa, haifaffen 1989. Labarin gaskiya ne. Mahaifiyarsa Rosie ta yi aikin dare a masana'anta, mahaifinsa Gerry ya haɗa ayyuka har da wankin banɗaki a wani kulob na wasanni, duk don su biya masa tafiye-tafiyen gasa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ya bar makaranta yana ɗan shekara 16. Ɗanki in ya ji haka zai ce to ai ga shi nan. Sai dai akwai abubuwa uku da bidiyon ba zai tsaya a kansu ba. Rory shi kaɗai ne wurin iyayensa, ba shi da ƙanne uku a baya masu jiran kuɗin littafi. Iyayen nasa su biyu ne suka yi shawara suka ɗauki nauyin tare, ba wanda ya ɓoye wa wani. Na uku kuma, a shekarar da ya bar makaranta ya buga 61 a filin Royal Portrush, ɗaya daga cikin filaye masu wuya a ƙasarsu, a 2006 ya ci gasar 'yan sha'awa ta Turai gaba ɗaya, wato ta waɗanda ba su mai da wasan sana'a ba, sai a 2007 ya shiga sahun masu wasan kuɗi. Iyayensa ba a kan fata suka zuba guminsu ba, sakamako suke gani a rubuce shekara bayan shekara.

Haka Tiger Woods, wanda kowa ya sani. Mahaifinsa Earl tsohon hafsan sojan Amurka ne, yana da fansho, yana da aikin yi bayan ritaya, yana kuma da damar shiga filin golf na sojoji kusa da gidansu a Kalifoniya. Mahaifiyarsa Kultida, 'yar ƙasar Tailan, ita ce ke tuƙa shi zuwa gasannin yara, kuma ita ce ta kafa dokar sai an gama aikin makaranta kafin a taɓa sanda. Tiger ya ci gasar matasa ta Amurka sau uku a jere, ya ci ta manyan 'yan sha'awa sau uku a jere daga 1994 zuwa 1996, ya yi shekara biyu a jami'ar Stanford, sannan ya zama ƙwararre. A 1997 ya ci gasar Masters yana ɗan shekara 21. Ki lura da jerin: makaranta, gasar 'yan sha'awa, nasara a kai a kai, sai sana'a daga ƙarshe.

Gidan da ya fi kama da naku shi ne na Tony Finau. Mahaifinsa ɗan asalin tsibirin Tonga ne, aikinsa lodin jakunkunan matafiya a filin jirgin sama a birnin Salt Lake, ga yara da yawa a gida. Bai san golf ba, daga littafi ya koya don ya koyar da 'ya'yansa. Ba su da kuɗin zuwa wurin atisaye kullum, sai ya rataye katifa a garejin gida, Tony da ƙaninsa Gipper suna buga ƙwallo a jikinta. Tony ya shiga wasan kuɗi a 2007 yana ɗan shekara 17, daidai shekarun ɗanki. Shekara bakwai ya yi yana fama a ƙananan gasanni kafin ya samu shiga babbar gasar Amurka, kuma sai 2016 ya ci kofinsa na farko a cikinta. Gipper kuwa, da suka buga a katifa ɗaya, uba ɗaya ya koyar da su, mutane ma suna yabon hannunsa tun suna yara, bai samu gurbi a babbar gasar ba. Ba a yin bidiyon irin su Gipper, 'yar'uwata, alhali su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Kin ce ba ki san ma'anar 71 ba, to bari in fassara miki, domin uwar da za ta sa dukiyarta a abu ya kamata ta iya karanta lissafinsa. Fili yana da rami 18. Ana ƙirga bugu nawa mutum ya yi kafin ya gama su duka, mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Yawancin filaye an ƙayyade musu bugu 72 ko kusa da haka. Ke nan 71 wasa ne mai kyau ƙwarai, ki yi masa barka da zuciya ɗaya. Amma kalmar "ya taɓa" ita ce matsalar. Ba ranar da hannu ya faɗa daidai ake auna ɗan golf da ita ba. Ana duba abin da yake bugawa a kai a kai, a gasa, idon mutane a kansa, a filin da bai saba da shi ba, daga wurin bugu mafi nisa. Akwai ma'aunin da ake kira handikaf, wanda ake fitarwa daga katunan wasannin mutum na baya-bayan nan. Wanda ke mafarkin cin abinci da gasa sai handikaf ɗinsa ya sauko zuwa sifili ko ma ya fi haka kyau, kuma ko a nan ɗin farkon magana ne. Filin da yaro ya shekara biyar yana takawa ya san kowane gangare nasa kamar tsakar gidansu. Sai ya je Tema, ya je Sakumono, ya je Royal na Kumasi inda ake gasar Asantehene, sannan za a san inda yake.

Ga kuma abin da mutanenmu ba su cika sani ba, saboda mun saba da ƙwallon ƙafa. Muhammad Kudus ɗan Nima ne, kowa a layinku ya san labarinsa. Ya bi ta makarantar Right to Dream, inda ake haɗa ƙwallo da karatu, kuma tun da ya sa hannu a kulob ake biyansa albashi ko an ci ko an sha kashi, kulob ne ke ɗaukar jirgi da masauki da likita. Ɗan golf, a mafi yawan lokuta, ba shi da wannan. Shi ke biyan kuɗin shiga gasa, shi ke biyan mota ko jirgi, masauki, abinci, har da ladan mai ɗaukar masa jaka. Manyan gasanni kwana huɗu ake yi, bayan kwana biyu a yi tankaɗe a sallami kusan rabin 'yan wasa, kuma a mafi yawan gasanni wanda aka sallama ba ya komawa da ko kwabo. Kamar direban da ya sha mai da kuɗinsa ne ya yi lodi, aka ce masa sai ya riga rabin motocin tasha isa za a biya shi. Ki riƙe wannan misalin, zai yi miki amfani wurin maigida. Kuɗin filinki na Kasoa, komai tsadar da ya yi, tafiya kaɗan zai ɗauka ya ƙare, kuma ba ya dawowa.

Akwai wata ƙofa da ɗanki yake shirin rufewa da hannunsa bai sani ba. Muddin yana ɗan sha'awa, wato bai ayyana kansa mai wasan kuɗi ba, yana da damar buga gasannin matasa da na 'yan sha'awa, yana iya samun kiran tawagar ƙasa, sakamakonsa yana iya shiga jerin 'yan sha'awa na duniya. Hukumar R&A mai kula da dokokin wasan ta ƙirƙiro gasar 'yan sha'awa ta Afirka a 2024, aka fara ta a filin Leopard Creek na Afirka ta Kudu, kuma wanda ya ci yana samun gurbi a gasar Open ta Birtaniya. Ita wannan Afirka ta Kudun da ake yi masa romon baka da ita, ga hanyarta ta gaskiya. Tun 2022 kuma an sassauta dokoki, ɗan sha'awa yana iya karɓar tallafin masu ɗaukar nauyi da kuɗin tafiya ba tare da ya rasa matsayinsa ba. Jami'o'in Amurka suna ba 'yan golf guraben karatu da tallafi, amma abu biyu suke tambaya: sakamakon gasa da sakamakon makaranta. Wanda ya jefar da WASSCE saura wata bakwai ya jefar da rabin takardunsa. Shi ya sa ban yarda cewa makaranta ce ke tare masa hanya ba. Wata bakwai ne fa, bayan shekara goma sha biyu yana zuwa aji.

To mu zo kan maigidanki, don na ga kamar a wasiƙar an mai da shi katanga. Ki sake sauraron kalamansa. Mutum ne da yake fita tun kafin asuba, yana shan zagin fasinja da hayaƙin hanya, burinsa ɗansa ya fi shi. Sai ya ji wai ɗan nasa yana bin bayan wani attajiri da jaka a kafaɗa, yana jiran a miƙo masa abin da aka ga dama. Wannan yana taɓa mutuncin uba, kuma ba laifi ba ne ya ji zafinsa. Maganar giya da caca ma ba ƙirƙira ya yi ba. Gidajen kulob suna da wurin shan barasa, kuma wasu 'yan wasa suna sa kuɗi a tsakaninsu rami-rami. Yaro ɗan shekara 17 mai hannu, wanda manya za su so su sa kuɗi a kansa, yana bukatar wanda zai ja masa layi. Inda nake ganin maigida ya yi kuskure shi ne raina ɗaukar jaka, da kuma yanke hukunci a kan wurin da, in na fahimce ki, bai taɓa takawa ba. Kadi, kamar yadda suke kiran mai ɗaukar jakar, shi ke karanta wa mai wasa nisa da iska da kwanciyar ciyawa, kuma ta wannan ƙofar talakawa da yawa suka shiga wasan. Siddikur Rahman, Musulmi ɗan Bangaladesh, yaron tsintar ƙwallo ne a filin Kurmitola na birnin Daka, sandarsa ta farko kan tsohuwar sanda ne aka haɗa da ƙarfen rodi. A 2010 ya ci gasar Brunei, ya zama ɗan ƙasarsu na farko da ya ci kofi a gasar Asiya, a 2016 kuma shi ya riƙe tutar ƙasarsa a wasannin Olamfik na Rio. A nan gida ma muna da ƙwararru irin su Emos Korblah da Vincent Torgah da suka yi suna a wasan, har a wajen Ghana.

Filin Kasoa naki ne. Da guminki kika saya, kuma a shari'a dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon hana ta sarrafa ta. Ban musa miki wannan ba. Amma ki duba abin da sayarwa a ɓoye za ta haifar. Ranar da maigida ya ji, kuma zai ji, don a Zango magana ba ta kwana, ba zancen golf za a yi ba kuma, zancen amana za a yi. Zai ga ke da ɗansa kun haɗa kai kun zagaye shi, kwanon da aka raba wata biyu ya zama na shekaru. Ƙannensa uku kuma za su girma da sanin cewa abin da uwarsu ta tara domin su duka an zuba shi a kan mutum ɗaya. Wanda zai fi kowa shan nauyin shi ne yaron da kike son taimaka wa. Golf wasa ne na natsuwa, mutum shi kaɗai a kan ƙwallo, ba abokin da zai rufa masa kuskure. Ki ɗauka yana tsaye zai tura ƙwallo rami daga taku uku, a ransa yana cewa adashin Mma na shekara tara ne a kan wannan bugun. Hannu rawa yake yi a irin wannan hali. Akwai ɗan wasan Amurka, Sean O'Hair, da mahaifinsa ya fitar da shi wasan kuɗi a 1999 yana ɗan shekara 17 bai gama sakandare ba, ya sa shi ya rattaba hannu cewa zai riƙa ba shi kashi goma cikin ɗari na abin da zai samu, yana sa shi gudun mil a kan kuskuren bugu. Sean ya zo ya yi nasara daga baya, amma bayan ya yanke hulɗa da uban. Na san ke ba haka zuciyarki take ba, ko kusa. Na kawo shi ne don ki ga yadda tallafi yake rikiɗa ya zama bashi a wuyan yaro idan abin da aka zuba ya fi ƙarfin gida.

Abin da nake ba ki shawara ki fara da shi shi ne ki gaya wa maigida maganar dillalin da bakinki. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa, ki ce masa tsoro ne ya kai ki har kika yi tunanin sayar da filin, kin fasa, kuma kina so ku yi shawarar ɗanku tare. Zai iya yin fushi na ɗan lokaci, amma namijin da aka kawo wa magana kafin a aikata ba ɗaya yake da wanda ya tsinta a bakin mutane ba. Kada ki nemi ya yarda da golf a wannan zaman. Abu ɗaya za ki roƙa: ya ba da safiyar Asabar guda ku je ku ga yaron yana bugawa. Na san safiyar Asabar kuɗi ce a wurinsa da wurinki, ki bar wa wata tukunyar ranar. Filin Achimota yana nan tun 1934, amma mutanenmu da yawa iyakarsu wucewa ta gefensa a mota. Ya tsaya a bayan ɗansa ya ji ƙarar da sanda take yi idan ta sami ƙwallo daidai, ya bi ta da ido har ta ɓace masa. Uba yana iya musun labari, amma abin da ya gani da idonsa a jikin ɗansa yana shiga wani wuri dabam. Idan kin san maganarki ba za ta kai shi ba, ki bi ta ƙanin nasa na Abossey Okai ko limamin masallacinku. Shi limamin ma shi ya dace ya zaunar da yaron a kan bambancin kyautar gasa da cacar da ake yi a tsakanin 'yan wasa, da kuma maganar salla a ranakun wasa.

A ranar, ku nemi ganin babban mai koyarwa na filin, ku biyu, yaron ba ya wurin. Ku tambaye shi kai tsaye: handikaf ɗin yaron nawa ne a rubuce, a cikin sa'o'insa na ƙasar nan ina yake tsaye, waɗanne gasannin matasa ya kamata ya shiga bana, kuma akwai membobin da ke ɗaukar nauyin yara irinsa? Ku ce masa ba yabo kuka zo nema ba. Wanda ya ba shi tsofaffin sanduna ma ku neme shi ku yi masa godiya, domin irin waɗannan mutanen su ne sukan zama masu tallafi na gaskiya, kuma sun fi sakin jiki idan suka ga yaro yana da iyaye a tsaye a bayansa.

Daga nan sai ku yi yarjejeniya da yaron, ku uku, a bayyane. Ya zauna ya rubuta WASSCE da kyau, golf ta koma Asabar da Lahadi har a gama. Bayan jarrabawa ku ba shi wa'adi, ni a ganina shekara biyu, yana ɗan sha'awa, yana shiga duk gasar da ya samu a Accra da Tema da Kumasi. A cikin wa'adin ya riƙa zuwa shagon baffansa kwana biyu ko uku a mako, don kada uban ya ji an watsar da tasa maganar, kuma don cinikin da ya koya ba zai taɓa zame masa asara ba. Ke kuma ki yanke abin da za ki iya cirewa daga ribar tukunya duk wata ba tare da an taɓa jari ko kuɗin makarantar ƙannensa ba, ki faɗa masa adadin, ya san iyakarsa ke nan: kuɗin mota, kuɗin shiga gasa, safar hannu idan ta yage. Shi ma ya riƙa zuba wani abu daga ladan jakarsa. Idan kina so filin ya taimaka, ki ba da hayarsa ga mai ajiye kwantena ko mai buga bulo, da takarda a rubuce, kin ga ya kawo kuɗi kuma an san da mai shi. Ma'aunin da za a duba a ƙarshen wa'adi kuwa mai koyarwa ne zai faɗa tun yanzu, ba ke ba, ba uban ba, don kada gobe a ce son rai ne.

Idan wa'adi ya cika lissafi bai kai ba, ki sa ya sani tun yau cewa ba a kore shi daga wasan ba. Masu cin abinci da golf ba 'yan gasa kaɗai ba ne. Akwai masu koyarwa a kulob, waɗanda kuɗinsu ya fi na 'yan gasa da yawa tabbas, akwai masu kula da ciyawar fili, masu gyaran sanduna, alƙalan wasa, masu tafiyar da kulob. Duk waɗannan sun fi buɗewa ga wanda yake da takardar sakandare a hannu.

Zai ji haushi idan kika ce ba za ki sayar ba, wataƙila ya ce kin bi bayan babansa. Ki bar shi ya faɗi abin da ke ransa, kada ki mayar da zafi. Ki ce masa kin ji labarin uwar Rory har ƙarshe, kuma abin da ta yi shi ne ta tashi aiki kowane dare shekara da shekaru, ke ma kina tashi ƙarfe uku ki hura wuta, ba yau kika fara tsaya masa ba. Sannan ki sayi ƙaramin littafi mai layi, ki ce ya koya miki yadda ake cika katin wasa. Duk ranar da ya buga, ya kawo miki katin ki kwafe da hannunki: kwanan wata, sunan fili, bugu nawa. Ki ajiye littafin kusa da na adashinki, inda babansa zai iya ɗauka ya duba in ya ga dama. Allah Ya shirya miki su, Ya haɗa kan gidanki. Ki rubuto min bayan kun je Asabar ɗin, ina so in ji abin da maigida ya ce a hanyar dawowa.